Ramin da aka hana fasawa: amsa ga wani mai tifa a Bukuru

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ke jigilar tsakuwa da tifa tsakanin Bukuru da cikin garin Jos. Ga abin da ya ce: "Baba, na ji a rediyo wai a ƙasar Jamus akwai wani ramin haƙar dutse da gwamnati ta kewaye ta hana kowa taɓawa, saboda ƙasusuwan dabbobin da suka mutu tun fil azal. Mu nan da dutse muke ci. Me ƙashin mataccen ƙadangare zai tsinana wa mutum har a hana aiki dominsa? Kuma da duk ramukan nan namu na Jos, akwai irin wannan a ciki?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Bari in fara da tambayarka ta biyu don hankalinka ya kwanta: dutsen da tifarka ke ɗauka babu ƙashi a cikinsa, kuma ba za a taɓa samu ba, ko da za a fasa tsaunukan Shere gaba ɗaya a mai da su tsakuwa. Na yi shekaru ina bin duwatsun nan da guduma da jakar goyo, ina koyar da ilimin duwatsu, kuma kusan kowace shekara sai wani ya kawo mini dunƙulen dutse a leda yana cewa ya tsinci ƙwan dinoso, wato manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare a duniya tun fil azal. Ban taɓa ganin wanda ya tabbata ba.

Dalili shi ne asalin dutsen. Wanda muke fasawa a Jos, mai ɗigo-ɗigon fari da ruwan hoda da baƙi, shi ake kira giranit. Narkakke ne ya taso daga cikin ƙasa kamar talge a tukunya, ya tsaya bai fito fili ba, ya huce a hankali har ya daskare. Duk abin da ke da rai in ya faɗa cikin irin wannan zafi, ko tokarsa ba za a gani ba. Abin mamakin shi ne lokacin da wannan talgen ke hucewa a ƙarƙashin inda Bukuru take yau, wato shekara miliyan 160 da 'yan kai da suka wuce, daidai lokacin ne dabbobin dinoso ke yawo a doron ƙasa. Suna sama, dutsenmu yana ƙasa yana dahuwa, ba su haɗu ba. Na Abuja ma, irin su Zuma da Aso, sun girmi namu nesa ba kusa ba, su ma babu komai a cikinsu.

Na san za ka ce wa ya ƙirga shekarun. A cikin baƙin yashin da masu wankin kuza ke zubarwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zakon. Tun ranar da ƙwayar ta daskare take riƙe da ɗan sinadarin yuraniyom, shi kuma yana rikiɗa ya koma dalma a hankali, da saurin da aka auna aka sani, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In aka auna yuraniyom ɗin da ya rage da dalmar da ta taru, sai lissafi ya fito. Kamar ka san randarka tana ɗigar kofi ɗaya a yini, ka zo ka tarar kofi goma sun taru a ƙasa.

Halitta kuwa, kafin ta zama dutse, sai ta mutu a inda laka ko yashi zai rufe ta da wuri, kafin ungulu da ruɓa su gama da ita. Gindin teku, gindin tafki, bakin kogi. Laka ta hau kan laka, shekara bayan shekara, nauyi ya danne, ruwa mai ma'adini ya ratsa ƙashin har ya taurare. Shi ya sa ake neman irin waɗannan abubuwa a dutsen da ke kwance hawa-hawa kamar an jera tabarmi.

Ramin da ka ji labarinsa sunansa Messel, kusa da birnin Darmstadt, ba nisa da Frankfurt. Asalinsa bakin dutse mai aman wuta ne da ya fashe ya bar rami mai zurfi, ruwa ya cika shi ya zama tafki, wajen shekara miliyan 47 da suka wuce. In ka taɓa zuwa tafkin Pidong a ƙasar Mangu, to ka ga ɗan'uwansa, don shi ma haka ya samu. Ruwan ƙasan tafkin Messel ba ya motsi, babu iskar shaƙa a can ƙasa, saboda haka duk abin da ya nutse ba ya ruɓewa yadda aka saba. Aka yi ta haƙar wannan baƙar lakar ana tatsar mai daga cikinta har 1971, sannan aiki ya tsaya.

To ka lura da kyau, ba a kori ma'aikata daga bakin aiki don ƙashi ba. Aikin ne ya mutu da kansa saboda babu riba. Abin da hukuma ta shirya yi da ramin bayan nan shi ne ta mai da shi juji, a riƙa zubar da sharar garuruwan yankin a ciki. Mutanen wurin da masana suka ce ba su yarda ba, aka yi ta shari'a da ja-in-ja kusan shekara ashirin, har gwamnatin jihar Hesse ta sayi wurin a 1991, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995.

Abin da ke fitowa daga lakar nan sai wanda ya gani. Akwai wani ɗan doki da bai fi ƙaramin kare girma ba, an samu goɗiyarsa da ɗa a ciki. Akwai jemagu da abincinsu na ƙarshe a cikin tumbi, har ana gane irin ƙwarin da suka ci. Akwai buzuzu da har yanzu bayansa ke ƙyalli da launinsa. Kuma lakar tana da ruwa sosai a jikinta, in aka fito da ita rana ta buge ta sai ta tsattsage ta zama gari, don haka dole a riƙa jiƙa ta, a zuba wa ƙashin wani ƙaro na roba ya kama shi, sannan a kankare lakar ta baya. Ka ga wurin da za a bar wa kowa ya shiga da diga? Cikin wata ɗaya an gama da shi.

Amma abin da nake so ka riƙe, wanda ko ɗalibaina sai sun kai aji uku suke gane shi, shi ne ƙashin da kansa ba shi ne babbar dukiyar ba. Jerin shimfiɗun da ya fito daga ciki su ake karewa. Kai mai tifa ne, kana da littafin da kake rubuta sahu: ranar kaza na kai wa wane sahu uku, ya biya biyu. A ce yaro ya yage shafi ɗaya daga tsakiya ya kawo maka, babu kwanan wata, babu sunan mai kaya, sai dai "sahu uku" kawai. Rubutunka ne, gaskiya ne, amma me za ka yi da shi? Bangon ramin dutse littafi ne irin wannan. Na ƙasa ya riga na sama kwanciya. In ka ciro halitta ka san daga wace shimfiɗa ta fito, me ke ƙarƙashinta, me ke samanta, to za ka iya cewa a nan teku ya yi zurfi, a nan ya janye, a nan wannan iri ya ƙare wani ya maye gurbinsa. In kuwa a kasuwa ka saye ta, ka sayi abin ado ne na kan tebur.

Ƙasar nan tana da irin waɗannan littattafai, sai dai ba a kan tudun Jos suke ba. In ka gangara gabas ka nufi Gombe, ka wuce Bajoga zuwa Ashaka inda ake haƙar dutsen siminti, za ka taka ƙasan teku da takalminka. Wajen shekara miliyan 90 da ɗoriya da suka wuce, ruwan teku ya shigo ta kwarin Binuwai, ya bi ta Gongola, ya ratsa inda Sahara take yau har ya haɗu da tekun arewa. Shaidar tana nan a bangon ramin. Ina tuna wata tafiya da muka yi da ɗalibai, rana ta take, kowa ya yi fari fat da ƙura. Wata yarinya 'yar Pankshin da ba ta cika magana ba ta buga wani dunƙule da guduma, ya rabe biyu, sai ga abu a naɗe kamar ƙahon rago, faɗinsa ya kai faranti, da zane-zane a jikinsa kamar an yi masa ƙunshi. Amonait ke nan, dangin halittar tekun nan ne mai hannu takwas, sai dai shi yana da ɓawo, ya ƙare a duniya tare da dinoso. Ta riƙe shi ta kasa cewa komai, can sai ta ce, "Malam, ke nan nan wurin ruwa ne?" Wani lebura da ke kallonmu ya yi dariya ya ce su da irinsa suke tokare ƙofa a gida, suna ce masa dodon koɗin dutse. Na tambaye shi daga wane hawa suka fi fitowa, ya ɗaga hannu ya nuna mini ba tare da ya yi tunani ba, kuma daidai ya nuna.

Simintin da aka gina ɗakinka da shi ma, in daga irin wannan dutse ya fito, ɓawon halittun teku ne aka niƙa aka gasa.

Ta ɓangaren Sakkwato kuma labarin ya fi haka. A ƙasar Goronyo aka samu ƙasusuwan wani ƙaton maharbin teku mai kama da ƙadangare, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, sunan garin ke nan ya shiga littattafan duniya. Wajen Wurno da Dange akwai ƙasusuwan kada da kunkuru da haƙoran kifi, dutsen Kalambaina da ake simintin Sakkwato da shi kuwa cike yake da ɓawon halittun ruwa. In ka tsallaka Nijar, a hamadar Gadufawa, nan ne gidan dinoso na gaske, har da wanda aka sa wa suna Nigersaurus, da wani kada da tsawonsa ya kusa kai motar bas. A kudu akwai ramin Ewekoro a jihar Ogun da na Nkalagu a Ebonyi, duk na siminti ne, duk ɗalibai na zuwa karatu.

Ka ce me zai tsinana wa mutum. Ban da ilimi, akwai kuɗi a ciki, ko da yake ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Masu neman man fetur in suna haƙa rijiya mai zurfin kilomita uku ko huɗu, ba sa ganin komai da ido sai ɓarɓashin da ke fitowa. Cikin ɓarɓashin nan suke duba ƙananan halittun da sai da madubin ƙara girma ake gani, su gane wace shimfiɗa suka kai. Da me za su gwada? Da wurin da shimfiɗar ta fito fili aka auna ta da tef, aka san jerinta. Aikin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe, duwatsun yankin Gongola ne ake ratsawa, waɗanda aka fara fahimtarsu a gefen rafuka da bangon ramuka. Haka masu neman ruwa, haka masu neman kwal.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu abokan aikina ba sa son ji. Mai fasa dutse ba abokin gabarmu ba ne. In ba don nakiyarku da katafilarku ba, da mafi yawan abin da muka sani yana nan binne a ƙarƙashin jar ƙasa da ciyawa. A ƙasa irin tamu, inda ruwan sama da zafi ke ruɓar da dutse har zurfin gaba da yawa, sabon bango mai tsabta sai a rami ko inda aka yanka hanya. Shahararren tsuntsun nan mai haƙora da aka samu a Jamus a 1861, masu fasa dutse ne suka fito da shi. Don haka duk masanin da ya zo yana yi muku kallon masu ɓarna, bai san inda tuwonsa ke fitowa ba.

Kariya iri-iri ce. Wuri irin Messel, inda abin ke da iyaka kuma babu kamarsa, shi ake kewayewa a sa mai gadi. Amma galibi abin da ake nema bai kai haka ba. A garin Dudley na Ingila akwai tsohon ramin farar ƙasa da ake kira Wren's Nest, wanda aka ayyana wurin kariya a 1956 saboda duwatsunsa. Yara 'yan makaranta na shiga, an yarda su tsinci abin da ya faɗo ƙasa da kansa su tafi da shi gida, guduma ce kawai aka hana. A ramin da ake kan aiki kuwa, yarjejeniya ake yi da mai wurin: in an gama da wannan kusurwa a bar bango ɗaya a tsaye, kada a cike shi, a bar hanyar da mutum zai isa gindinsa, in aka ci karo da wani abu a kira masana su zo su auna kafin a ci gaba. Sau da yawa jinkirin bai wuce na yini ɗaya ko biyu ba.

Abin da ke kashe irin wannan wuri ba kasafai nakiya ba ce. Shara ce, da ruwa, da gini. Wannan na gani da idona. Akwai wani tsohon rami da na yi shekaru ina kai ɗalibai, ba zan faɗi wurin ba. Bangonsa bai fi tsayin bene hawa biyu ba, amma komai a fili yake kamar an zana a allo. Wata shekara rashin lafiya ta hana ni zuwa, da na koma bayan damina biyu na tarar an mai da shi bola, ledoji da tayoyi da mushen akuya har wuya, an fara yanka fulotai a bakinsa. Na tsaya da yara arba'in a bayana ina nuna musu hoto a takarda ina cewa da a nan ƙasa akwai kaza. Laifina ne ta wani ɓangaren, don ban taɓa zama da mai unguwar wurin na gaya masa amfanin bangon ba. Na ɗauka kowa na ganin abin da nake gani.

Mu mutanen Jos ma bai kamata a ba mu labarin abin da rami ke fitarwa ba. A 1928, a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Bayan shekara goma sha biyar wani ma'aikacin kuza a yankin Jama'a ya samu wani kan, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi don korar dabbobi, har labari ya kai ga wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya yi su. Daga nan aka san al'adar Nok, kuma wannan na cikin abin da ya haifar da gidan tarihin Jos a 1952. Waɗannan aikin hannun mutum ne, ba halittun da suka zama dutse ba, amma darasin ɗaya ne. Da yake yawancin na farko a cikin tsakuwar da ruwa ya kwaso aka tsince su, ba a inda masu su suka ajiye su ba, an sha wahala kafin a tsai da shekarunsu. Sai da masana daga jami'ar Frankfurt suka fara tono a tsanake daga 2005, suna auna kowane taku, sannan aka tabbatar al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A tsakanin nan kuwa 'yan haƙar dare sun kwashe da yawa sun sayar a Turai, ramukan da suka bari ba sa gaya wa kowa komai. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba da izini ba, amma doka ba ta mai da shafin da aka yage.

To me muke da shi a nan da ya cancanci a bar shi? A ganina, da farko bangon wasu tsofaffin ramukan kuza. Akwai wuraren da za ka ga ruɓaɓɓen giranit a ƙasa, samansa tsakuwar tsohon kogi mai ɗauke da kuza, sai farar laka, sai baƙin dutsen aman wuta da ya malalo ya rufe kogin, sai jar marmara a can sama. Tarihin tudun nan ke nan a bango ɗaya, kuma shi ne ke bayyana abin da ya sa masu loto, wato masu haƙar kuza ta rami kamar rijiya, ke nutsawa ƙasa su bi tsohuwar hanyar ruwa a cikin duhu. Sai duwatsun Kahwang a ƙaramar hukumar Riyom, inda narkakken dutse ya huce ya tsage gida-gida masu kusurwa biyar da shida, kamar yadda lakar kududdufi ke tsagewa da rani, har mutum ya rantse magini ne ya jera su. Sai tsaunukan aman wuta na Kerang da Panyam da tafkin Pidong. Irin Kahwang, in aka sa masa nakiya mako guda, an gama, kuma tsakuwar da za a samu ba ta fi wadda ke ko'ina ba.

Ba na cewa a bar kowane rami. Ɗaruruwan kududdufan kuza da kamfanonin Turawa suka bari daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, da yawansu tarko ne kawai, sun ci yara da shanu ba adadi, waɗannan a cike su ko a kewaye su shi ne alheri. Ramin Mpape na Abuja da matasa suka mai da wurin ɗaukar hoto yana da kyan gani, amma kyan gani daban, abin karantawa daban. Cikin ramuka hamsin wataƙila biyu ko uku ne ke da bangon da babu irinsa, kuma aikin mutane irina ne mu fito mu nuna su tun kafin a yanka fulotai.

Kai kuma, in wata rana lodi ya kai ka Gombe ko Sakkwato ko kwarin Binuwai ka ga abu a jikin dutse mai kama da ƙashi ko ƙahon rago ko ganye, kada ka yi saurin ɓalle shi. Ciro wayarka ka ɗauke shi a inda yake, ka ajiye makullin motarka a gefensa don a gane girmansa. Ja da baya ka ɗauki bangon gaba ɗaya yadda za a ga ko a sama yake ko a tsakiya ko a ƙasa. In kuwa ya riga ya faɗo kuma katafila na tafe, ɗauke shi, ka naɗe a takarda, ka rubuta sunan wurin da ranar a jikin takardar, ka tambayi leburorin wurin daga wane hawa irinsa ke fitowa, don sun fi kowa sani. Sannan ka kai sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jos ko gidan tarihi da ke kusa da gidan namun daji. In ka kawo shi da takardar nan, ni da kaina zan zo in gani, ko da sanda nake dogarawa.